Kafin Ku Tafi Tsibirin Sifaniyawa, Ku Kwana Biyu A Gindin Zuma



Dogon hutun makaranta ya kama, kuma na san abin da ke yawo a wayoyinku, domin ni ma ya iso tawa. Bidiyon wani masauki ne a kan tsibiri: farin gini, jan rufi, ƙofofi masu lanƙwasa, tsakar gida da ruwa ke tsartuwa a tsakiyarta, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo kan rairayi, ga teku shimfiɗe har iyakar gani. Kowane ɗaki da sunansa na Sifaniyanci, kowane abinci da sunan da sai harshe ya sarƙe kafin a furta shi. Uwargida ta tura wa maigida, maigida ya duba kuɗin jirgi, ya duba canjin dala, ya ce Allah Ya kai mu baɗi.

Ba na cikin masu cewa hutu almubazzaranci ne. A kantin magani nake wuni, ina ganin magidanta da ba su kai shekara arba'in ba amma sun fara shan maganin hawan jini, da matan da suka manta rabon da su yi barcin awa bakwai a jere. Jiki yana da haƙƙi a kan mai shi. Sai dai mai sayar da tikiti fuskar hutu yake gani, mu kuwa ƙeyarsa muke gani: yaron da kunne ke yi wa ciwo, jaririyar da ke gudawa, zazzaɓin da ya taso bayan an dawo da mako biyu. Ado na mai otal ne, ya ga dama ya yi na Sifaniya, ya ga dama ya yi na Dubai. Ruwa da sauro da rana kuwa na ƙasar da aka yi ginin ne, kuma babu wanda ya iya Sifaniyanci a cikinsu. Don haka kafin ku haɗa kuɗin tsibiri, ku zo Madalla mu gwada hutun a kusa da gida, inda kuskure ba ya tsada.

Wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya ratsa Madalla ko bai san sunanta ba. Gari ne a Ƙaramar Hukumar Suleja ta Jihar Neja, a daidai bakin iyaka da Babban Birnin Tarayya, har ba ka iya cewa ga inda Madalla ta ƙare Zuba ta fara. Da asuba ma'aikatan Abuja da kuɗin haya ya koro nan suke cika motoci, da magariba su dawo a gajiye. Ranar kasuwa kuwa sai haƙuri, domin tireloli da 'yan acaɓa da masu talla duk titi ɗaya suke rabawa. Mutanen nesa da yawa ba su san sunan garin ba sai ta dalilin harin bam da aka kai Cocin St. Theresa ranar Kirsimetin 2011. Mazauna garin, Musulmi da Kirista, ba su manta ba, amma ba su yarda ranar ta zama ita kaɗai ce tarihinsu ba.

A bayan duk wannan hayaniya Zuma ke tsaye. Dunƙulallen dutse ne guda, ya tashi kimanin mita 300 daga gindinsa, ƙololuwarsa kuma mita 725 sama da matakin teku. Shi ne a bayan takardar naira 100 da aka fara fitarwa a 1999. A jikinsa akwai wasu ramuka da inuwa da suka haɗu suka yi kamar fuskar mutum, ido biyu da hanci da baki, kuma daga kan titi ake ganinta. Mu da muke kwana muna tashi a gabansa mun daina ɗaga kai. Sai baƙo ya tsayar da mota yana ɗaukar hoto sannan mu tuna cewa abin kallo ne.

Ga mai son ya ba yara labari a hanya, akwai shi. Gbagyi da Koro su ne tsofaffin mazauna wannan yanki. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya sauka a Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Zazzau Suleja, kuma shi ya sa Bazazzagi ba baƙo ba ne a nan.

A kewayen dutsen akwai masaukai, manya da ƙanana. Wanda ya fi suna shi ne Zuma Rock Resort, mai ɗakunan kwana da wurin ninƙaya da filin wasan golf. A watan jiya ni da maigida da yara muka kwana biyu a ɗaya daga cikin masaukan yankin. Maƙwabta sun sha dariya, wai mutum ya biya kuɗi ya kwana a inda ake hango unguwarsu. To, gani ya kori ji. Tazarar da ke tsakanin titi da gindin dutsen ba ta da yawa, amma ƙarar tireloli takan ragu ta zama kamar gunjin nesa. Da sassafe gajimare ke rufe kan dutsen kamar rawani, rana na ɗagawa ya warware. In an yi ruwa da dare, sai ka ga ruwan yana gangarowa a jikinsa layi-layi, dutsen ya yi baƙi yana sheƙi. Babu girki, babu wanki, babu mai buga ƙofa neman aron dutsen guga. Na yi barci bayan azahar kwana biyu a jere, abin da rabona da shi tun ina makaranta.

Wannan barcin ne ma ya sa na sake duban bidiyon nan da wani ido. Abin da Sifaniyawa suka yi suna da shi, wato rufe shago a huta da tsakar rana, ai ƙailula ce, kuma ba mu buƙatar biza kafin mu yi ta. Ginin ma haka. Ƙofa mai lanƙwasa da tsakar gida mai ruwa da bango mai zanen tayil, yawancinsu gadon Andalus ne, inda Musulmi suka yi mulki daga shekarar 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492, kuma fadar Alhamra na nan tsaye shaida. Wanda ya taɓa shiga tsohon soron sarauta a Zariya ko Kano ya ɗaga kai ya ga bakan gizo, ya fito tsakar gida ya zauna a inuwa, ya riga ya san dabarar: kauri a bango, inuwa a tsakiya, iska ta ratsa. Ana sayar mana da abin da kakanninmu suka sani, an dai shafa masa farin fenti.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato ruwa.

Yawancinmu 'yan Arewa ba mu iya iyo ba, 'ya'yanmu na birni kuma ko kududdufi ba su taɓa shiga ba. Sai ga shi rana ɗaya an kawo su gaban tafkin ninƙaya mai ruwa garau, an ce su yi wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa a kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da fim ya koya mana, mutum yana ihu yana ɗaga hannu, ba haka yake faruwa ba. Yaron da ke nutsewa ba ya iya kira, domin duk iskar da ya samu ta numfashi ce. Shiru ake yi, kuma cikin daƙiƙu. Ƙaramin yaro ba ya buƙatar zurfi. Ruwan da bai kai gwiwarsa ba ya isa, har da wannan ɗan tafkin ado na tsakar gida da ake ɗaukar hoto a gefensa.

Na zauna a bakin ruwa da yamma ina kallon iyaye. Ba sakaci ne da su ba, yawa ne ya rufe su. Uwa tana ganin uban na kallo, uba yana ganin yayar na kallo, yayar kuma 'yar shekara goma sha biyu tana ɗaukar bidiyo. Idan kowa ne mai gadi, to babu mai gadi. Abin da nake ba da shawara shi ne a ambaci sunan mutum ɗaya babba, a ce kai ne mai ido na minti ashirin, wayarka a jaka, in ka gaji ka miƙa wa wani da baki ya amsa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kuwa kada ya wuce inda hannunka zai kai. Balan-balan ɗin nan da ake hurawa a saka a damtse abin wasa ne, yana sacewa, yana zamewa. Ko akwai mai ceto a wurin, shi yana kallon yara talatin ne, kai kana kallon naka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mata musamman. Doguwar riga da zane da hijabi in sun sha ruwa suna nauyi, suna naɗe ƙafa. Wadda ke son shiga ta nemi kayan ninƙaya masu rufe jiki, ana samunsu yanzu a kasuwa, ta kuma tambayi masaukin ko suna ware wa mata lokaci. Wadda ba ta iya iyo ba, in ta ga yaro ya faɗa zurfi, ta yi ihu, ta miƙa sanda ko tawul ko ta jefa abin da ke yawo a kan ruwa. Faɗawa da kaya a jiki yakan mai da mutum ɗaya biyu. In an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana matsa ciki ko ana juya shi kai ƙasa wai ruwa ya fita. A kwantar da shi, a fara hura masa iska ta baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba a haka, wani kuma ya kira 112 ko ya tayar da mota. Ko ya farfaɗo, in yana tari ko numfashinsa ya canja, asibiti za a nufa, ba ɗaki ba.

Ga wani abu da ya fi kusa da sana'ata. Maganin mura da na ƙaiƙayi irin su Piriton, da yawancin ruwan maganin tari, suna kawo barci da sanyin jiki. Yaron da aka ba irinsu da rana bai kamata ya shiga ruwa ba. Mai farfaɗiya ba ya shiga sai da wanda ya san halinsa a gefensa, kuma ya sha maganinsa a kan lokaci. Mai sikila kuwa, ruwa mai sanyi da fitowa a tsaya cikin iska da jiƙaƙƙen kaya suna iya tayar masa da ciwo. Ya taƙaita zama a ciki, a tsane shi nan take, a yawaita ba shi ruwan sha.

Kafin kowa ya tsoma ƙafa, ku tsaya a baki ku duba. In ba ku iya ganin ƙasan tafkin sarai a inda ya fi zurfi, ku haƙura. Ruwan da ya ɓoye ƙasansa zai ɓoye yaro. Kuma ƙarfin warin kulorin ba alamar tsabta ba ne kamar yadda ake zato. Wannan warin mai yaji da ke sa ido ja yana fitowa ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari. Akwai ƙwayar cutar gudawa da ke iya rayuwa kwanaki a ruwan da aka sa wa kulorin, don haka yaron da ke gudawa ba ya shiga, domin 'ya'yan wasu. Bayan an fito, a karkata kai ruwa ya zubo, a goge bayan kunne da tawul. Ban da auduga mai tsinke, ban da ashana, ban da gashin kaza. Su ne ke ƙuje fatar cikin kunne, bayan kwana biyu yaro ya kasa barci. Kuma kada a ɗiga komai a kunnen da ya taɓa zubar da ruwa sai likita ya leƙa.

Daga Suleja in kuka ɗauki hanyar Minna, cikin kamar awa ɗaya za ku isa mafaɗar ruwan Gurara. Tsayinta ya kai kimanin mita 30, kuma a wannan lokaci na damina ne take cika, tana rugugi, feshinta na jiƙa mutum tun daga nesa. Ku je, ta cancanci man motar. Amma yanzu lokacin kallo ne daga sama, ba na sauka kan duwatsu masu santsi don hoto ba. Da rani in ruwa ya janye ya bar wurare masu kwanciya, nan kuma sai a tuna da tsargiya. Ƙwayarta tana fitowa daga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke zama a koguna da madatsun ruwa, ta huda fata ba tare da an ji ba, bayan makonni ko watanni yaro ya fara fitsarin jini. Ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma tana da magani mai suna praziquantel da ake auna shi da nauyin jiki. Ba a kamuwa da ita a ruwan teku, ko a tafkin da ake kula da shi da kulorin.

Magariba ita ce lokacin da ya fi daɗi a gindin Zuma, iska ta yi sanyi, dutsen ya koma inuwa. Ita ce kuma lokacin da sauron maleriya ke fara aiki, har zuwa asuba. Ciyawa mai kyau da ake ba ruwa kullum, da tukwanen furanni, da tafkin ado in famfonsa ya tsaya, duk gidajen haya ne a wurin sauro. Na'urar sanyaya ɗaki tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin gidan sauro, balle in wuta ta ɗauke da tsakar dare. Ni gidan sauron yara nake fara sawa a jaka kafin kayan kwalliya, da igiya, domin ba kowane ɗakin otal ke da inda za a rataya ba. Man korar sauro mai sinadarin DEET yana aiki, amma ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, ba a kuma shafa wa yara a tafin hannu. Iyayen da ake bi gida-gida ana ba 'ya'yansu maganin rigakafin maleriya na damina kowane wata, kada tafiya ta sa a bar ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku a kan firji.

Sai 'yan'uwanmu da ke zuwa hutu daga Ingila ko Amurka da 'ya'yansu. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke. Ɗan juriyar da jikin babba ya tara tana raguwa in ya daɗe a waje, yaron da aka haifa a can kuwa ba shi da ita sam. Su fara maganin kariya tun kafin su taso. Atovaquone da proguanil ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin isowa, a ci gaba har kwana 7 bayan komawa. Doxycycline sai an ci gaba da shi mako 4, ba a ba mai ciki ko ƙananan yara, kuma yana sa fata ta ƙone da wuri a rana, abin lura ga mai niyyar kwanciya a bakin teku.

Wani zai ce to, ai duk wannan a Madalla ne, shi tsibirin fa? Bari in kai ku, domin tsibirin Sifaniyawa na gaske ba shi da nisa da mu. A cikin teku kudu da Kalaba, kusa da gaɓar Kamaru, akwai tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, wanda a da ake kira Fernando Po. Sifaniya ce ta mulke shi har zuwa samun 'yanci a 1968, kuma har yau Sifaniyanci ne harshen hukuma. Dubban 'yan Najeriya, yawancinsu daga Gabas, sun yi ƙwadago a gonakin kokonsa, suna kiran wurin Panya, har aka kwaso su gida a tsakiyar shekarun 1970 saboda wulaƙancin da suka sha. Akwai kuma Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe a birnin Malabo. A wajen birnin akwai Sipopo, unguwar alfarma mai otal da filin golf da bakin teku, wadda aka gina domin taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2011. Tsibirin na aman wuta ne, shi ya sa rairayin gaɓarsa da yawa baƙi ne. Farin rairayi sai a Arena Blanca, kusa da garin Luba. Duk abin da ke cikin bidiyon nan akwai shi a can, ba fenti ba. Kuma sauron maleriya na nan. Tun 2004 ake gudanar da gagarumin shirin feshin gidaje da raba gidan sauro a tsibirin, ya rage cutar ƙwarai, amma bai kawar da ita ba.

Mai niyyar irin wannan tafiya ya fara da katin rigakafin shawara. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ya kuma sani teku ba tafki ba ne. Akwai igiyar da ke jan mutum daga gaɓa zuwa ciki, sau da yawa a daidai inda ruwan ya fi kama da mai kwanciya. In an kafa jar tuta ba a shiga. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi kai tsaye; ya bi gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga jan. A wajen abinci kuma a buɗe baki a yi tambaya, domin shahararriyar shinkafarsu mai suna paella wani lokaci ana haɗa ta da naman alade ko a dafa da giyar inabi, kuma jan abin shan nan mai yankakkun 'ya'yan itace da ake kira sangria giya ce, ba zoɓo ba. Wanda jikinsa bai taɓa haɗuwa da jatan lande ko ƙaguwa ba ya fara da kaɗan. In leɓe ya kumbura ko numfashi ya matse, gaggawa ce.

Rana kuwa, ko a Bioko ko a Madalla, ɗaya ce. Baƙar fata ma tana ƙonewa. Masu shafa man bilicin, da ku nake: fatar da aka kankare ba ta da garkuwa, awa ɗaya a bakin ruwa ta isa ta bar tabon da zai shekara bai tafi ba. Man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa duk bayan awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa. Mai ciwon sukari kada ya taka tayil ko rairayi mai zafi ba takalmi, domin ƙafar da jijiyoyinta suka mutu tana ƙonewa ba ta sanar ba.

Magunguna su ma zafin yana cin su. Ku juya kwalin ku karanta, yawanci an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, motar da aka rufe a rana kuwa tana wuce haka nesa ba kusa ba. Kada a bar jakar magani a but ko a gaban gilashi. Insulin da ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi yakan yi kimanin mako huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, amma in ya daskare ya lalace, ko da ya narke daga baya. Ku tambaya ko firjin ɗakin yana ci gaba da aiki in an fita ko in an kashe janareto. Haka ruwan maganin yara irin Augmentin da aka riga aka dama, firji yake so.

In firji ya gagara, Suleja tana da amsa tun da daɗewa. Garin tukwane ne. A nan Baturen nan Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, a nan Ladi Kwali ta shiga a 1954 ta zama mace ta farko a cikinta, ita ce a bayan takardar naira 20. Kun ga ke nan, naira 120 na kuɗin ƙasar nan daga wannan ɗan yanki suka fito. Daga baya an sa wa cibiyar sunanta. Dabarar saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafi sosai, kuma ana amfani da irinta wajen adana insulin da ake kan amfani da shi. Ta fi aiki da rani lokacin da iska ta bushe. Da damina sanyinta kaɗan ne, kuma ba ta kai firji ba.

Abinci ba zan daɗe a kansa ba. A teburin ɗiba-da-kanka, abin da ya kamata ya yi zafi ya zama yana tururi, na sanyi ya zama da sanyi. Shinkafar da ta wuce awa biyu a buɗe, ku wuce ta. Kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba na nan kusa, ku sayi lemo da ayaba da kankana ku yanka da hannunku. A jaka kuma a samu O.R.S. da ƙwayar zinki. A karanta jikin fakitin, domin wani na lita ɗaya ne, wani bai kai ba. Ledar fiya wata biyu ita ce lita ɗaya, kuma abin da ya kwana ya wuni sai a zubar a dama sabo. Zinki miligiram 20 kullum ga yaron da ya wuce wata shida, 10 ga wanda bai kai ba, har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya.

Ranar komawa ku tashi da hantsi, musamman masu nufar Kaduna da Kano, kada dare ya same ku a hanya. Ku rubuta ranar a wani wuri. Alamomin maleriya sukan bayyana kwana 10 zuwa 15 bayan cizo, lokacin da an riga an wanke kayan tafiya an manta. In zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sha magani, minti ashirin ne. In ya nuna, maganin artemether da lumefantrine sau shida ake shan sa cikin kwana uku, tare da madara ko abinci mai maiƙo, kuma a ƙarasa shi ko jiki ya yi sauƙi a rana ta biyu. Yaron da ke amai ba ya riƙe magani, ko ya fara shiɗewa, ko barci ya yi masa yawa, ba na kemis ba ne, na asibiti ne. Kuma ku gaya wa likitan inda kuka je da irin ruwan da yaron ya shiga, ko bai tambaya ba.